Ɗigon Fenti a Kan Noti Huɗu

A kasuwar kaji kowa Baban Tsaki yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Shekara ashirin da shida yana sana'a guda: ya ɗauko 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya daga gidan ƙyanƙyasa, ya kai wa masu kiwo, tafiyar awa huɗu ko biyar. Gajere ne, mai furfura a gemu. Waɗanda suka san shi sun ce kafin bara ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yanzu kuwa, da an ambaci batir sai jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ɗan tsaki ba buhun siminti ba ne. Zafin rabin awa ya isa ya kashe shi. Shi ya sa Baban Tsaki ba ya sa kayansa a bayan mota. Cikin motar, wurin zaman mutane, yake jera su, inda sanyin iyakwandishan yake kaiwa: kwali ashirin, tsaki hamsin a kowanne. Tsohuwar motarsa ta sha ba shi tsoro a cunkoso, inji ya yi zafi, sanyi ya ɗauke. Don haka ya sayar da filin da ya gada, ya sayi a-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin mai aiki da fetur da lantarki. In ta tsaya injin yakan mutu da kansa, babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya ya ci gaba da riƙe sanyi. Direbobin kasuwa suka sa mata suna Mai Rai Biyu.

Kamfanin da ya sayar masa ya ba batirin garantin shekara takwas, bisa sharaɗi ɗaya: duk wani sabis a garejinsu za a yi. Ya riƙe sharaɗin kamar rantsuwa. Abokinsa tun na ƙuruciya, mai wayarin ne, mai gyaran lantarkin mota a bakin titi, ya sha yi masa tsiya.

"Ka guje mu, ka koma wajen masu farar riga," in ji mai wayarin. "Su da ke ba ka shayi a kofin tangaran. Mu kuma benci ne, shi ma ƙafa uku."

"Bencinka ba ya ba da garanti," in ji Baban Tsaki.

Shekara bakwai da wata tara motar ba ta ba shi kunya ba. Ko a cikin fushi ba ya musun wannan. Daga nan ne ta fara sauya hali. Injin ya daina hutawa. Ta soma shan mai fiye da da. Wata fanka a bayan kujera ta riƙa gurnani. Ya faɗa musu a gareji, suka ce tsufa ne, suka buga masa hatimi, ya tafi.

Ranar da abin ya faru, tsakar rana ce, a kan gada, motoci sun cushe gaba da baya. Jar fitila ta kunno a gaban sitiyari, motar ta mutu, sanyi ya ɗauke. Tsaki dubu ne a bayansa. Ya buɗe ƙofofi huɗu, ya riƙa sauke kwalayen yana tura su inuwar wata tirela, yana yi musu fifita da murfin kwali. Kafin a samu motar da za ta kwashe su, ɗari huɗu da goma sha biyu sun mutu.

Kayan na wata malamar makaranta ce da ta yi ritaya, wadda shekara goma shi yake kawo mata tsaki. Ta buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu rai, ta ce, "Allah Ya kiyaye gaba." Mako na gaba wani direban ta kira.

"Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi," in ji Baban Tsaki.

Aka ja motar zuwa garejin kamfani. Saura kwana goma sha tara garanti ya ƙare. Sabon batir kuwa ba abin da mai dakon tsaki zai iya saya ba ne, kuma ba wani filin da zai sayar. In ba su canza ba, sana'ar ta tsaya ke nan.

Manajan gareji, mutum mai sanyin murya da turare, ya kai shi wajen motar. Ya nuna masa wata raga a gefen kujerar baya, ya haska tocila ta cikinta. A bayan ragar akwai matacin iska, ya toshe tam da gashin tsaki, rawaya, kamar an cusa auduga.

"Ta nan batir yake shan iska, Baba," in ji manajan. "Ya toshe, batir ya yi zafi har ya lalace. Kwamfuta ma ta nuna. Wannan sakacin mai mota ne, garanti bai shafe shi ba."

"Sakacina?"

"Ai motar ba ta kiwon kaji ba ce."

"Ranar da kuka sayar min, me na ce muku zan ɗauka? Amare?" Muryarsa ta fara tashi, kanikawa suka ɗago kai. "Shekara kusan takwas ina shigowa nan, motar nan tana warin kaji, yaranku na toshe hanci suna dariya. Wa ya taɓa ce min akwai rami a nan? Wa?"

"Yana cikin littafin mota, Baba."

"Kada ka ƙara ce min Baba! Da ni ubanka ne, da ba ka yi min haka ba."

Manajan ya kashe tocilarsa, ya ce sai dai haƙuri.

Baban Tsaki ya sa aka ja motar zuwa rumfar abokinsa. Mai wayarin bai yi masa tsiya ba ranar. Ya ɗaga kujera, ya ɗauko sifana zai kwance murfin da ke rufe da matacin, sai ya tsaya, sifanar na hannunsa.

"Zo ka gani. Kada ka taɓa."

Noti huɗu ne ke riƙe da murfin. Kowanne da ɗigon fenti shuɗi a kansa, layin ya taso daga kan notin ya sauka jikin ƙarfe, bai karye ba.

"Wannan fentin masana'anta ne," in ji mai wayarin. "In an ɗaure noti, sai a ja masa layi. Ko sau ɗaya aka juya shi, layin ya rabu biyu. Abokina, tun ranar da aka ƙera motar nan babu ɗan'adam ɗin da ya buɗe wurin nan."

"To ai shi ne suke cewa laifina ne."

"Kai dai kanka sai kaji. Su da ka ba amanar sabis, me suke dubawa?"

Amsar tana gida, cikin wata tsohuwar jakar makaranta da matar Baban Tsaki take tara takardu a ciki. Ba ta yar da takarda, ko ta maganin tari ce. Da ya gaya mata, ta zazzage jakar a kan tebur, ta sa tabarau, ta bi takardun sabis ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Talatin da ɗaya ne. A kowacce akwai layi na goma sha huɗu: duba matacin iskar batir, a share shi. A kowacce an ja alamar an yi, an sa hannu, an buga hatimi.

"Malam, sau talatin da ɗaya suka yi maka ƙarya," ta ce. "Kai kuma kana ta yi musu godiya saboda shayi."

Washegari da hantsi ya sa aka jawo motar zuwa kamfanin, ba ƙofar baya da ake shigar da matattun motoci ba, ƙofar gaba, inda masu sayen sababbi suke tsaye. Matarsa ta biyo shi da jakar. Ya buɗe ƙofar motar ta baya, ya ce a kira manaja.

"Ga takardunku, ga notinku," ya ce, yana magana yadda kowa zai ji. "Kun ce kun buɗe sau talatin da ɗaya. Ka nuna min ta inda kuka bi. Ta taga? Ko aljanu gare ku a garejin?"

Wani mutum da ya zo sayen mota da iyalinsa ya matso, ya duƙa ya leƙa. Wani ya fito da waya. Manajan ya dubi fentin, ya dubi takardun, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu shiga ofis."

"Jiya ni Baba ne mai sakaci, yau raina ya daɗe. A nan za mu yi ta."

Sun canza batirin saura kwana uku garanti ya ƙare. Kafin su ba shi makulli, suka miƙo masa takarda ya sa hannu. Matarsa ta karanta masa. An rubuta cewa kamfani ya yi masa wannan aiki ne a matsayin alfarma. Ya karɓi biro, ya ja layi uku a kan kalmar har takardar ta huje, sannan ya sa hannu.

Wannan kalmar ce har yau take ci masa rai, fiye da abin da ya faru a kan gadar ma.

"Alfarma," in ji shi. "Tsaki ɗari huɗu da sha biyu, ni na haƙa rami na zuba su. Malama ba ta dawo ba. Sannan wai sun yi min alfarma."

Mai Rai Biyu tana kan hanya, sanyinta na aiki. Duk ƙarshen mako yana kwance murfin da kansa, ya kakkaɓe gashin da tsohon buroshin haƙori. Sabon batirin ma da sharaɗinsa, don haka har yanzu garejin nan yake kai sabis. Amma kafin ya fita daga gida, yakan ari jan farcen matarsa, ya ja layi a kan noti huɗun. In sun ce sun gama, ba ya karɓar takarda sai ya ɗaga kujera ya duba. Zuwansa na farko bayan canjin, ya tarar da layin bai karye ba, kuma an ja alamar an yi.