Hannun da Ya Riƙe Kwalbar Mma

Shekarun baya, zamanin jam'iyya ɗaya, ina cikin samarin Zongon Lome da ake kwasa a mota zuwa filin rawar tarbar shugaba. Rawa kam ban iya ba, ƙafafuna kamar na aro. Sai aka ba ni aikin ɗaga hoton shugaba sama, tun hantsi har rana ta karya. Kowa ya san hannuna ba ya gajiya, ni kuwa har da fankama.

Mahaifiyata Mma, mai koko da ƙosai a bakin masallaci, takan ce, "Hannun nan da ba ya iya ɗauko mani bokiti, ashe hoto yake jira."

Ana nan kwalara ta shigo Lome. Da safe Mma ta dama kokonta lafiya, kafin azahar idanunta sun faɗa. Ni da yayana muka sa ta a amalanken mahauta sai asibiti.

Babu gado. Mutane kwance a baranda bisa tabarmi, har ƙarƙashin mangwaro. Wata nas da gumi ya jiƙe ta samo kwalbar ƙarin ruwa guda, ta soka wa Mma allura, ta waiga neman inda za ta rataye. Sandunan ratayewa sun ƙare, ƙusoshin bango duk an kama.

"Fofo, riƙe sama," ta ce da ni, yadda 'yan garin ke kiran namiji da yarensu. "Kar ka sauke, jini zai koma ciki. Wannan ba za ta isa ba, ku nemo wata."

Yayana ya fita da gudu zagayen kantunan magani. Ni na tsaya, hannu a sama.

Mma ta buɗe ido, ta dube ni, muryarta can ƙasa. "Yau dai hannun ya samu aiki."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Ruwan na sauka, idona na kan ƙofa. Kwalbar ta ƙare, yayana bai dawo ba. Ashe duk garin babu. Ban sauke ba, don an ce kar in sauke. Sai da nas ɗin ta zo ta taɓa wuyan Mma, ta ja mayafi ta rufe mata fuska, sannan ta kama gwiwar hannuna a hankali.

"Fofo, ya isa."

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da Allah ba. Amma har yau abin na ci mani rai. Ba a taɓa rasa atamfar masu rawa ko man motar kwasarmu ba, tun kafin ranar taro an tanada. Ruwan da zai tsayar da rai ne aka bari sai cuta ta shigo gari.

Bayan arba'in shugaban samarinmu ya zo har gida da hoton, wai akwai tarba. Na miƙa hannu zan karɓa, hannun ya ƙi wuce kafaɗata.