Tukunyar da Ta Tsallake Ƙofarmu

Makarantar 'yata ɗaki uku ce a can saman dutsen Nakkasa, inda mota ba ta zuwa, sai dai mutum ya bi matakala har gwiwarsa ta yi ƙara. Kakanninmu da suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, su suka kafa ta, mu kuma muka gaje ta da ɗawainiyarta. Ana koyar da Alƙur'ani da Larabci da lissafi, da 'yar Hausa don kada yaranmu su tashi ba su iya gaida tsofaffi ba. Malamai biyu ne kacal, amma in ka tambayi mai makarantar, kowane gida zai ce tasa ce. Magini in ya ga bango ya tsage ba ya jiran a kira shi. Mai gyaran wuta shi ke fama da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, duk lokacin zafi. Ni direban bas ne a tashar Kudai, ina jigilar alhazai zuwa Harami, don haka nawa aikin shi ne kwasar yara in za a fita da su. A kan kowa kuma akwai wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Gwaggo. Ba malama ba ce, ba shugaba ba ce, amma ko tabarma ba a sauya wa wuri sai ta sani.

Sai kuma tukunya. Wata ƙatuwar tukunyar dalma ce mai hannu biyu, gindinta ya yi baƙi tun kafin a haife ni. Duk Alhamis gida ɗaya ke dafa wa yaran makaranta abinci a cikinta. Babu wanda ke tsara wa za ta je: bin ƙofofi take yi, daga saman dutse zuwa ƙasa, in ta kai ƙarshe ta sake hawa. Ranar Laraba da yamma waɗanda suka yi girkin da ya wuce za su kawo ta a wanke, su ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, shi ke nan an san na gaba. Yaron da aka yi girki a gidansu shi ke riƙe ludayi ya zuba wa 'yan'uwansa, kuma in an gama ci malam ya sa yara su yi addu'a ga wadda ta dafa. Mu manya muna ganin abin wasa ne. A wurin yara kuwa, riƙe ludayin nan ya fi zuwa na ɗaya a jarrabawa.

Maiɗakina tuwon masara da miyar kuka take yi in tukunya ta zo mana. Sauran gidaje sun koma shinkafar Buhari da su makaroni, ita ta ce yaran da ba su san kuka ba ba su san kansu ba. Kukarta daga Kano ake aiko mata a hannun alhazai, ta sake tankaɗewa ta zuba a wata kwalaba mai jan murfi. Ni dai nawa ci ne da santi, sai kuma ɗaukar tukunya zuwa sama ina mita.

Allah ya karɓi abarsa bayan gajeriyar jinya, ya bar ni da yarinya ɗaya da ba ta cika shekara goma ba. Mutanen makaranta sun yi mana abin da ko dangi sai haka. Kwanon abinci bai yanke a ƙofarmu ba, mata suna karɓar yarinyar su yi mata kitso, malam yana rako ta har gida in na yi nisa a wurin aiki. Har yau ina jin nauyinsu.

Da zagaye ya zo kanmu, wata Laraba ina zaune ina shan shayi, yarinyar tana leƙe ta taga. Tun safe take share bakin ƙofa, ban gane dalili ba. Na ji takun mutane a matakala, na ji hannun tukunya yana ƙara, sai kuma takun ya yi sanyi kamar masu wuce ɗakin mara lafiya. Suka wuce mu. Aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

Ta daɗe a tagar ba ta juyo ba. Da ta juyo, a hankali ta ce, "Baba, mu ma mun mutu ne?"

Na ajiye kofin shayin. Washegari ta ce cikinta na ciwo, ba za ta makaranta ba. Alhamis ta gaba ma cikin ya sake ciwo, alhali sauran ranaku lafiyarta ƙalau. Na san irin wannan ciwo, ba na asibiti ba ne.

Iyaye suna taro a rufin makaranta bayan la'asar duk farkon wata, maza a gefe, mata a bayan labule. Taronmu ba a jefa ƙuri'a, ba a ɗaga hannu. Mai magana ya yi maganarsa, sai a yi shiru har ta zauna a zukata, sannan wani ya karɓa, kuma ba a yanke komai sai babu sauran mai ja. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, shirun nan ya sha ƙona min rai. An taɓa kwashe yamma guda a kan launin fenti. Ran nan kuwa ni na fara tashi. Na ce an tsallake gidana, ina so in ji laifin da na yi. Muryata ta fi yadda na so tashi.

Aka yi shiru. Wanda ya ɗauki tukunyar ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Can Gwaggo ta yi gyaran murya daga bayan labule, ta ce ita ta sa a wuce, don a sauƙaƙa min, ganin babu mace a gidan. Na ce na gode, amma sauƙin ya faɗa a kan yarinya, na kuma maimaita musu abin da ta tambaye ni. Wannan karon shirun ya yi tsawo, kuma ban ji haushinsa ba. Na ji wata tana jan hanci a bayan labule.

"To, ɗana," in ji Gwaggo, "ka iya girki?"

Na ce na iya shayi.

Aka yi dariya har da malam. Mata suka ce su za su dafa a kai da sunan gidana, na ce a'a, ba sunan nake nema ba, hayaƙin nake so ya tashi daga gidana. Gwaggo ta ce taurin kaina na ubana ne, ta san shi. Aka sake yin shiru, babu wanda ya ja. Laraba mai zuwa tukunya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta koma baya ta hau matakala zuwa ƙofarmu.

Na roƙi abokin aikina ya riƙe min bas. Bayan sallar asuba na kunna babban murhun gas a tsakar gida na ɗora ruwa, ina ji da kaina, don a ganina wanda ya iya ratsa cunkoson Ramadan da bas ba tuwo ne zai gagare shi ba. Ashe kallon tuƙi daban, tuƙi daban. Na zuba gari gaba ɗaya ba tare da talge ba, ya dunƙule, muciya ta kafe a tsakiya kamar an dasa ta. Yarinyar tana gefe tana cewa ba haka Mama ke yi ba, ni kuma gumi yana shiga min ido.

Tun da nake a unguwar ban taɓa ganin matan da ke da uzuri a layinmu kamar safiyar nan ba. Wannan ta tsaya a bayan ƙofa, wai wucewa take yi ta ji ƙauri, a rage wuta. Waccan ta aiko da daddawa wai ta yi mata yawa. Wata ta ɗaga murya tana faɗa wa 'yarta, wadda ba ta tambaye ta ba, cewa in tuwo ya yi gudaji a yayyafa ruwan zafi a rufe shi ya turara. Babu wadda ta shigo, babu wadda ta taɓa min muciya. Na yi kamar ban gane ba, na bi duk abin da suka ce.

Da aka zo miya na ce a je shagon Mansur mai kayan miya a sayo kuka. Sai yarinyar ta hau kujera ta sauko da kwalabar nan mai jan murfi daga saman kantar kwanuka. Tun rasuwar ban taɓa ta ba, ko kallonta ba na son yi. Saura kamar rabi. Ta ce ita za ta barbaɗa, ni in kaɗa, haka suke yi da Mama. Ƙamshin ya tashi ya cika gidan, na juya baya na ce hayaƙi ne ya shiga min ido, alhali murhun gas ne.

Ni da maƙwabcina muka hau da tukunya. Malmalar tuwon babu biyu da suka yi kama, wata kamar ƙwallo, wata kamar takalmi. Gwaggo ta gutsura ta tauna, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce tun da aka kafa makarantar ba a taɓa kawo tuwo irin wannan ba, kuma tana roƙon Allah ya bar mata sauran haƙoranta. Amma ta miƙa kwano a ƙara mata miya.

Na tsaya a waje ina leƙe. Yarinyata tana tsaye a gaban tukunyar miya da ludayi, fuska a ɗaure, tana yi wa masu turereniya tsawa da Larabci su bi layi. Yara suka cinye tas, gudaji da komai. Yunwa ba ta san gwani ba.

Da aka wanke hannu malam ya ce a ɗaga hannu a yi addu'a ga wadda ta dafa, sai ya tsaya, don bakinsa ya saba da ambaton uwa. Ya dube ta.

"Babana ne ya tuƙa, ya ustaz," ta ce. "Amma kukar ta Mama ce. Ita ta tankaɗe."

Malam ya gyaɗa kai. Sannan ya ce to a yi wa duka biyun, Allah ya saka wa uban da alheri, Allah ya jiƙan uwar ya kai haske kabarinta. Ɗaki uku suka amsa da amin, har da masu bakin da ke maiƙo. Na sauka matakala kaɗan inda ba a ganina, na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Laraba ta gaba ita ta wanke tukunyar, ta hana ni sa hannu. Muka ɗauka tare, ni hannu ɗaya ita ɗaya, tana rinjaya ta gefenta, kuma ita ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta da ƙarfi yadda duk layin zai ji.