Malam Hafizu da Takardun Jinin Inkil

Da hantsin Laraba, 9 ga Oktoba, 2024, Allah ya karɓi ran Malam Hafizu Bakari a gidansa da ke Ƙofar Wambai, bayan jinyar mako biyu. Shekarunsa hamsin da takwas. An yi jana'izarsa bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, aikinka ba irin wanda mu 'yan jarida muke sawa a shafin farko ba ne. Kai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Idan yaro ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, a rana ta bakwai ma'aikata sukan je gidansu su soki yatsarsa, su ɗiga jini a kan wata takarda mai kauri. In ta bushe a sa ta a leda a kawo maka. Daga wannan busasshen tabo kake auna yawan maganin da ya rage a jikin yaron. Ka taɓa ce mini abin da ya sa kake son takardar shi ne ba ta tambayar ko an kawo wuta.

Na san ka ne a shekarar da sakamakon binciken da aka yi a ƙauyen Inkil ya fito. Cikin yara sittin da huɗu, fiye da rabi maganin ya yi ƙaranci a jininsu. Shugaban binciken ya yanke cewa iyaye mata ne ke daina ba da magani da zarar jiki ya yi sanyi. Ni ma na yarda, har na rubuta labarin, da kanun da nake jin kunyarsa har yau. Na zo ne kawai ka tabbatar mini da adadi.

Ka ce in ba ka kwana uku. Abin da ya tsaya maka a rai shi ne yaran sun warke, kuma ba su dawo asibiti ba. Gani ya kori ji, sai ka hau keke ka tafi Inkil. A can ka tarar da takardun jini an jera su a faifai, a tsakiyar rana, gefen shanyar barkono. Damina ce, takarda ba ta bushewa da wuri, shi ya sa Fati, ma'aikaciyar da ke ɗiban jinin, ta yi abin da kowace mace ta sani game da shanya. Rana da zafi kuwa suna lalata maganin da ke cikin tabon. A inuwa ake busar da shi.

Ba ka ambaci sunan Fati a rahotonka ba. Ka rubuta cewa kai ne ba ka je ka ga yadda ake yi ba. Ka sa kafinta ya ƙera akwati mai raga na busar da takardun a inuwa, aka jira wata daminar, shugaban binciken yana fushi da kai shekara guda cur.

Na bi ka ranar da aka koma Inkil ɗiban jini. Wata dattijuwa, Iya A'i, ta dube ka ta ce, "Malam, bara kun ɗiba, bana kun dawo. Miya kuke yi da shi ne?"

Ka ce, "Iya, ta bara ce ta ƙone, kuma ni ne mai girkin."

Ta yi dariya, ta jawo jikanta ta miƙo maka hannunsa.

Sabon sakamako ya nuna kusan duk yaran sun sha maganinsu cikakke. Labarina na farko bai taɓa fita ba.

Ban zo in yi kuka mai yawa ba, Malam. Ka yi aikinka ka gama, ka bar mutanen da suka iya shi. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka Hajiya Amatullah, da 'ya'yanka Usama da Khairat, da abokin aikinka na shekara ashirin, Andrawus, wanda bai bar ƙofar gidan ba har aka watse daga zaman makoki.

Matan Inkil ba su taɓa sanin an kusa kiran su masu sakaci a jarida ba, domin ba ka gaya musu ba. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya kare mutuncinka ranar da za a karanta wa kowa takardarsa. Amin.