Meng Mai Gwajin Kashin Kwikwiyo

Shekara talatin da ɗaya Meng Fuquan ya yi yana duba lafiyar aladu a ƙauyukan gabas da birnin Anshan. Bai yi dogon karatu ba, amma a zamaninsa babu gidan da bai san ƙarar kekensa ba. Da manyan gonaki suka haɗiye kiwon, masu alade biyu ko uku a bayan gida suka ƙare, aikinsa ya bi su. Shekarar da ta biyo baya matarsa ta rasu, 'yarsa ta ɗauko shi zuwa birni ta ba shi ɗaki a hawa na shida na wani bene. Zaman bai karɓe shi ba.

Sai ya samo wa kansa wuri a bakin kasuwar karnuka mai ci ranar Lahadi, da 'yar kujera mai naɗewa da akwatin katako. Cutar fabo yake gwadawa, wadda ke cin hanjin kwikwiyo ta sa shi amai da gudawar jini har ya bushe. Wasu masu sayarwa kan yi wa marar lafiya allura da safe, ya yi ta tsalle a keji, a saye shi, kafin mako ya zagayo ya mutu. Karen mako ake ce wa irinsu.

Aikin na minti goma ne. Ya ɗebi kashin da tsinken auduga, ya dama a 'yar kwalbar magani, ya ɗiga ɗigo huɗu a kan allon roba mai tsawon yatsa. Jan layi ɗaya, ba a ga cutar ba. Biyu, a mayar wa mai shi. Kullum yakan ƙara da gargaɗi: layi ɗaya ba rantsuwa ba ce, cutar kan ɓuya kwanakin farko, a sake gwadawa bayan kwana uku.

Masu sayarwa ba sa ƙaunarsa, musamman Lu Guizhi, mai rumfar farko, mace mai murya kamar ƙararrawa.

"Tsoho Meng, yau kashin wa za ka shinshina?" takan ce. "Tsofaffi na wasa da jikoki, kai kana dama tuwon kare!"

"Ƙanwata, da naki ba su da ciwo da tuni na koma gida," shi ke nan amsarsa.

Wata Lahadi a farkon sanyi wata mata ta zo da kwikwiyo ruwan ƙasa a cikin rigarta. Tian Xiuyun sunanta, tana share motocin haya a tasha. Daga rumfar Lu ta ɗauko shi. Ta ce mijinta ne ɓarin jikinsa ya shanye bara, yana wuni shi kaɗai yana kallon bango, tana so ya sami abin da zai motsa a gabansa.

Layi ɗaya ya fito. Fuskar matar ta washe har Meng ya ga giɓin haƙorinta.

"Kawu, ka tabbata? In tafi da shi?"

Mutum uku na jira a bayanta, yatsunsa sun ƙage, Lu kuma ta zuba masa ido daga rumfa tana jiran abin da zai ce. Ga matar tana murna kamar an yi mata haihuwa. Gargaɗin ya zo bakinsa, ya haɗiye.

"Ɗauki abinki, lafiyarsa ƙalau."

Lahadin da ta biyo ta dawo ba kwikwiyo, sai wata 'yar leda a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar Laraba ya daina cin abinci, Alhamis aka ga jini, asibitin dabbobi suka ce an makara, Juma'a ya mutu a kan ƙafar mijinta. Mijin da ya fara ƙoƙarin kiran sunan kwikwiyon da karkataccen baki yanzu ko kunun gero ba ya karɓa.

"Ga kashinsa na ƙarshe, Kawu. Gwada. Ina so in gani da idona."

"Ya riga ya wuce, me zai ƙara miki?"

"Kai dai gwada."

Ya dama, ya ɗiga. Ko minti uku ba a yi ba layi na biyu ya fito jajur. Ta daɗe tana kallon layin.

"Da na kawo shi ranar Laraba, da ya rayu?"

Meng ya san zai iya cewa babu wanda ya sani, kuma ba ƙarya ba ce. Amma ya ce, "Da dama suna tashi in an kama da wuri. Ni ne ban gaya miki ki dawo ba."

Ta gyaɗa kai, ta juya ta bi hanyar tasha.

Lu ta ji komai. Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama kasuwa: abin tsohon nan ƙarya yake yi, ya ce lafiya, kare ya mutu. Babu wanda ya tambayi daga wace rumfa karen ya fito. Bayan mako biyu masu kula da kasuwa suka ce yana tare ƙofa, ya kwashe kayansa.

Ya koma tsallaken titi, kusa da mai gasa dankali, inda iska ta fi kaɗawa. Daga nan masu saye ba sa ganinsa sai sun riga sun biya. Wata Lahadin mutum biyu, wata babu kowa. 'Yarsa ta yi ta roƙon ya bari saboda tarin da ya kama shi, ya ƙi. Sau biyu ya je tashar da Tian ke aiki ya tsaya a ƙofa, bai san me zai ce mata ba, ya koma. A zuwa na uku ya tambaya, wata mai shara ta ce ai ta ajiye aiki, mijin ya kwanta gaba ɗaya.

A watan farko na sabuwar shekara tarin ya sauka a ƙirjinsa, likita ya hana shi fita. Da ɗumi ya dawo, hawa shida ya fi ƙarfin ƙafafunsa. Bai sake komawa kasuwar ba.