Inna Mai Allura da Mahaucin da Ya Suma

"To mu yi ciniki, Sarkin Fawa," in ji Inna Mai Allura, tana yi masa fifita da murfin kwali. "Ni ba zan gaya wa kowa ka suma ba. Kai kuma duk ranar da matarka ke da allura, ƙafarka ƙafarta."

Mahaucin yana zaune dirshan a ƙasa, rigarsa sharkaf da ruwan da aka yayyafa masa. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ga shi tsinken allura ya kayar da shi, allurar ma ba a jikinsa za a yi ba.

"Inna, kasuwa fa? Ai da safe ake ciniki."

"Naman guduwa zai yi? Ba ka riga ka yanka shi ba?"

"Kin tabbata abokan sana'ata ba za su ji ba?"

"Ko bangon ɗakin nan ya faɗa, ƙaryata shi zan yi."

"Shi ke nan, na sallama."

Ni dillali ne, a bakin ciniki gemuna ya yi fari, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mahaucin ɗan ƙanwata ne. Shi da matarsa suka ce in rubuta, har da suman, da suka ji Inna za ta ajiye aiki a ƙarshen watan nan.

Inna nas ce a sashen masu neman haihuwa. Kafin likita ya iso ta riga ta duba firjin magani, ta jera auduga da sirinji, ta fasa ƙanƙara a ɗan kwano, don tana ɗora wa mace a ciki wurin ya mutu kafin ta soka. Sai ta leƙa benci. Ba kati take fara dubawa ba, fuska take dubawa: wace ce ta zo ita kaɗai, wace ce ta kwana ba barci. In ta ga mace ita kaɗai, tambayarta ɗaya ce.

"'Yata, ina mai gidan?"

"Yana wurin aiki, Inna."

"Ke kuma nan hutu kika zo?"

Nata tsarin ke nan, ba na asibiti ba: sai miji ya koyi yi wa matarsa allura da hannunsa. A jikin lemo take fara koya musu. Na taɓa raka ɗan ƙanwar nan tawa, na tarar da ƙarti jere a benci, direba da malamin makaranta da wani mai babbar riga, kowa da lemonsa yana soka masa allura yana zufa. Inna tana zagayawa tana cewa, "A hankali, Alhaji, ba taya kake wa faci ba." Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi wanda bai ga ana soka wa matarsa ba, a ganinsa kwanciya kawai take yi ana kashe kuɗi. Wanda ya soka da hannunsa kuwa, bakinsa ba ya ƙara furta wannan magana.

Akwai wani abu kuma. Ƙofar sashensu tana kallon ta masu awon ciki. Mace ta karɓi sakamako an ce babu, ta fito, sai ta ratsa ta tsakiyar masu tura ciki suna hirar kayan jarirai. Inna ta hana wannan. Ta bayan ɗakin wanki take fitar da su, amma sai sun tsaya a wani ɗan ɗaki da ta share, inda ta ajiye darduma da buta da kujera biyu. A nan ba ta cewa "yi haƙuri" sai an gama kuka. Wata rana surukar wata ta ce wa yarinyar ta yi shiru, kuka rashin tawakkali ne. Inna ta buɗe mata ƙofa.

"Hajiya, wanda ya halicci ido shi ya zuba masa hawaye. Jira mu a waje."

Ba ta kuma taɓa yi wa kowa alkawarin ɗa ba. In an matsa mata ta ce, "Ni allura nake yi, likita ya yi nasa. Mai busa rai daban yake, kuma bai ba ni labarin abin da ya tsara ba. Zo mu roƙe shi tare."

Mahauci dai ya cika alkawari. Hannun da ya saba da wuƙa ya koyi tattara fatar ciki a hankali. Ya ga cikin matarsa ya yi tabo baƙi-baƙi, har ya rasa inda zai soka. Ya riƙe mata kwano tana amai. Ya san ranar da magani ke sa ta faɗa ba dalili, ya koyi yin shiru. Aka yi dashen ƙwan haihuwa a mahaifarta, bai kama ba. Suka huta, suka sake. Ranar da sakamako ya fito a karo na gaba, yana waje yana sayo mata ruwa, Inna ta ja ta ɗan ɗakin nan.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya tsorata Inna ke nan. Ta zauna tana murza bakin mayafinta, can ta ce, "Inna, ke yake jin maganarki. Ki ce ya sallame ni in koma gidanmu. Na cinye masa shekaru. Danginsa sun daina gaishe ni da baki, sai da ido."

Da wata ce, da ta ce mata kul, kada ta ƙara. Wata kuma da ta ɗauki saƙon ta kai wa mijin. Inna ta ce, "Ban iya dakon irin wannan kaya ba, 'yata. Mai kayan yana waje, faɗa masa da bakinki. Ina nan, ba inda za ni."

Ta kira shi. Ya shigo da robar ruwa a hannu, ya dubi fuskokinsu, ya gane. Matar ta maimaita, idonta a ƙasa. Ya ajiye robar. Sannan ya durƙusa a gabanta, ƙaton mutum, gwiwa biyu a kan dardumar.

"Ke a ganinki ke kaɗai aka ce wa babu yau? Ni ma an ce mini. Yanzu so kike in yi rashi biyu rana ɗaya?"

A nan kukan ya ɓalle, nata da nasa. Inna ta fita ta ja musu ƙofa, ta tsaya a bakinta kamar mai gadi, duk wanda ya zo wucewa ta ce gyara ake yi a ciki.

Kada mai karatu ya jira in ce an yi suna. Har yau Allah bai ba su ba. Sun ce za su huta, in sun ga dama su sake gwadawa, in ba su ga dama ba su zauna haka. Amma tare suke. Ranar da wata gwaggonsa ta fara zancen rashin haihuwar a gabansa, cewa ya yi, "Gwaggo, kin taɓa riƙe mata kwano?" Ba ta ƙara ba.

Inna, ke ce inuwar da ba ta tambayar matafiyi me ya samo. Hotunan jariran da ke manne a bangon ofishinku kowa yana gani, yana yaba wa likitoci, kuma sun cancanta. Waɗanda suka fita hannu wofi ba su da hoto a bango, ke ce kika raka su har bakin titi. Na gode, a madadin gidanmu da gidajen da ban sani ba. Allah ya huta gajiyarki, ya ba gwiwoyin nan naki lafiya, ya sa ki tarar da shi a mizani.

Ku kuma maza 'yan'uwana, ba sai an kama ku a sume ba. In matarka tana wannan hanya, ɗauki hularka ka bi ta. Dangi, in ba ku da kalma mai daɗi, ku kawo abinci ku yi shiru. Ma'aikatan da za su gaje ta, ɗakin nan kada ya koma wurin ajiye tsintsiya.

Saura hukuncin dillali. Mahauci ya biya da safiyoyinsa da girman kansa, ya tashi da matarsa: ya ci riba, ko a wace kasuwa aka kai. Inna ba ta karɓi komai ba, kuma ba ta faɗi ba. Mai asara ita ce baiwar Allah da za ta zo wata mai zuwa, ta zauna a bencin nan ita kaɗai, in ba a sami wanda zai tambaye ta ina mai gidan ba.