Tantin da Mme Ta Shanya

Sunan mahaifiyata Mmapuleng, wato uwar Puleng, ni ce kuwa Puleng ɗin. Mu dai Mme muke ce mata, wato uwa a yarenmu. Amma shekara ashirin da bakwai ta yi a gidan Steenkamp da ke Bloemfontein tana amsa sunan Agnes, don Madam ta ce bakinta ba zai iya na gaskiyar ba. Wanki, guga, girki, goge daɓe, rainon 'ya'yansu uku, duk ita ce. Mu kuma nata 'ya'yan, ni da ƙanena Thuso, muna can QwaQwa wajen kakarmu, muna ganinta sau biyu a shekara. Kirsimeti kam ba ma ganinta. Duk Disamba masu gidan kan loda tanti a mota su tafi gandun dajin Golden Gate su kwana goma, ita kuma a bar ta da gadin gida da kare.

Ba zan ɓoye ba, abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Har na yi aure, na haifi 'yata Refilwe, in na ji ana zancen hutu a daji sai in ji raina ya ɓaci.

Ita ke haɗa musu kayan tafiyar, daga cokali har maganin sauro. In sun dawo ita ke jiƙa tantin a baho, ta wanke, ta shanya, ta ɗinke inda ya yage, ta ninke shi ta mayar jaka. Da tsufa ya kama masu gidan suka tattara za su bi 'ya'yansu Ostireliya, Madam ta ce ta zaɓi abin da take so a gidan. Ga firiji nan tsaye yana kallonta, ga keken ɗinki. Baiwar Allah nan ta ɗauko tanti da wani hoto. Hoton su biyar ne a kan dutsen Brandwag da ke cikin gandun, suna washe haƙora, tsaunuka a bayansu. Katakon da ya zagaye shi ma fentinsa ya goge a kusurwa ɗaya. Ta kawo shi Botshabelo, inda muke zaune yanzu, ta rataye a saman gadonta.

“Mme, sauke mutanen nan daga bango,” na sha ce mata. “Ba su ishe ki ba?”

Sai ta ce, “Bangona ne.”

Bara likita ya duba gwiwoyinta ya ce za a yi mata aiki a watan Fabrairu, bayan aikin kuma ta manta da hawa tudu. Shekararta sittin da takwas. Muna fitowa daga asibiti, ko bakin titi ba mu kai ba, ta ce mini, “Disamban nan za mu Golden Gate. Zan kwana a tantina, in hau dutsen nan, in tsaya inda suka tsaya.”

“Da wace gwiwar?”

“Da wadda za a yanka. Ai ba a yanka ba tukuna.”

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da matan cocinsu. Ko a jikinta. Thuso, wanda ke jan ƙaramar bas ta haya, shi ya fara saduda ya ce zai ajiye aiki kwana uku. Refilwe kuwa murna take yi, 'yar shekara goma sha shida, ita dai a ce za a fita.

Ranar tafiya Mme ta nuna mana aikinta. Komai da jakarsa. Dafaffiyar kaza da burodin turara a roba ɗaya, garin masara da tukunya a wata, barguna huɗu. Sai kuma ga bokiti, ga tsintsiya mai sanda, ga abin goge daɓe da doguwar sandarsa, ga igiyar shanya dami guda da 'yan matse-matsenta cike da leda.

Thuso ya riƙe ƙugu. “Mme, hutu za mu je ko aikatau kika samo mana a dajin?”

“Loda, ɗan nan. Bakinka ya fi hannunka aiki.”

“Ausi, ki gaya mata birai ba sa ba da wanki,” ya ce da ni. Ausi yake ce mini, kamar yadda kowane ƙane ke kiran yayarsa.

Muka bi ta Ladybrand, muka tsaya bayan Ficksburg a gindin bishiya muka ci kazar. Mme na gaba kusa da direba, hoton yana cikin jakar hannunta, sandar dogarawarta tsakanin ƙafafunta. Bayan Clarens duwatsun suka fara matsowa, jajaye da ruwan ɗorawa.

La'asar muka isa wurin da ake kafa tantuna. Hadari ya riga ya haɗu ta kudu. Maƙwabtanmu na dama da hagu sun gama kafa nasu, sun kunna gawayi, sun miƙe ƙafa a kujeru. Mme ta zazzage jakar da kanta, ta baje tantin a ciyawa. Tsaf yake kamar sabo, har ƙanshin sabulu yake yi. Ga turakunsa a ƙaramar jaka, ga guduma.

Thuso ya juya jakar ya kakkaɓe. “Ina sandunan?”

“Waɗanne sanduna?”

“Ƙarafan da ke ɗaga shi, Mme. Da me zai tsaya?”

Ta dube shi, ta dubi tantin maƙwabta, ta sake duban nata. Sai a lokacin muka gane. Maigidan nan a cikin wani dogon bututu yake ajiye ƙarafan, a rufin gareji, shi ke ɗaura su a kan mota da hannunsa, shi ke saukewa. Ba abin wanki ba ne, don haka ba su taɓa biyowa ta hannunta ba. Shekara ashirin da bakwai tana hidimar tantin nan, ba ta taɓa ganinsa a tsaye ba.

Ban taɓa ganin fuskar uwata haka ba. Ta zauna a kan bokiti ta haɗa hannuwa a cinya.

Thuso ya sassauta murya. “Ba komai. Gidan gwaggo a QwaQwa bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Mu je mu kwana, gobe mu dawo.”

Duk mun san ƙarya yake yi. In muka shiga gidan gwaggo, za a yanka kaza, a kira dangi, a kwantar da Mme a ce ta huta, dutse kuma sai dai a hoto. Ni kuwa kunyar idon maƙwabta ta haɗu da tsohon haushina, na saki baki.

“Kin gani ko? Ko a kyautar ma rabi suka ba ki. Ƙyalle suka bar miki, kin ɗauko mu tun daga Botshabelo mu zo mu yi abin kunya a gaban mutane. Ba namu ba ne wannan abin, Mme. Bai taɓa zama namu ba.”

Refilwe ta ce, “Kai, Mama.”

Mme tana kallon bishiyar da ke bayanmu, tana kallon ƙarfen ɗaura kaya da ke kan bas. Can ta dafa sanda ta miƙe.

“Thuso, ja motar nan baya. Ƙara. Tsaya nan. Refilwe, miƙo mini igiyar shanya.”

Ta sa Thuso ya ɗaure igiyar daga kan bas zuwa bishiya, ninki biyu, ta ce ya ja har sai ta yi ƙara in an taɓa. Ya ce bari ya karyo reshe a tokare, ta ce ko ganye kada ya taɓa, an hana, kuma ba za a ce iyalin Mmapuleng sun zo sun yi ɓarna ba. Ta san kowane madauki a jikin tantin nan, don rabinsu ita ta sake ɗinke su. Ta zira igiya ta cikin na sama, ta bi da 'yan matse-matsen shanya ɗaya bayan ɗaya, wasu a bakinta, yadda take yi da zanin gado. Tsintsiya ta tokare baya, sandar goge daɓe ta tokare tsakiya. Da aka rasa abin da zai riƙe ƙofa, ta ba da sandar dogarawarta. Ni ma ban san lokacin da na ɗauki guduma na fara buga turaku ba.

Tantin ya tashi. A karkace yake, bayansa ya lotsa kamar na tsohuwar saniya, amma ya tashi. Wani dattijo daga tantin dama ya zo ya zagaya shi sau biyu da kofinsa a hannu, ya tambayi Thuso a ina ake sayar da irinsa.

“Ba a sayarwa, Baba,” in ji Thuso. “Shanya shi ake yi.”

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kusurwa ɗaya ce kawai ta yi yoyo, bokiti kuma na nan yana jira. Mme ta kwana a tantinta.

Da safe, bayan mun sha shayi, ta zare sandarta daga ƙofa, gaban tantin ya rufta kan Thuso da ke ɗaure takalmi a ciki. Muka bar shi yana zage-zage muka kama hanya, ya biyo mu daga baya.

An ce masu ƙafa lafiya awa ɗaya suke yi su hau su sauko. Mu hawan kaɗai ya ci mana kusan awa uku. Mme na gaba, bargonta a kafaɗa, jakar hoton a rataye. Taku ashirin, ta tsaya. Taku ashirin, ta tsaya. Yara suka wuce mu, tsofaffi suka wuce mu, wasu suka hau suka sauko suka sake tarar da mu. Duk wanda ya gaishe ta sai ta amsa da fara'a, yana wucewa ta cije leɓe. Ina bayanta ina jin yadda gwiwar ke ƙara, ina jin kamar tawa ce.

Dab da ƙarshe akwai inda dutsen ya miƙe, an kafa sarƙa a jikinsa don a riƙa kamawa. Jiƙe yake da ruwan jiya. Mme ta kama sarƙar, ta ɗaga ƙafar dama, ƙafar ta ƙi. Ta gwada ta hagu, sai ta zame, Thuso ya tare ta. Zufa ta wanke mata fuska.

“Ya isa,” na ce. Wannan karon ba faɗa nake yi ba, tsoro ne ya kama ni. “Kin zo, kin gani. Daga nan ma ana ganin komai.”

“Ba a ganin abin da na zo gani.”

“Bari in goya ki, Mme,” in ji Thuso.

“Ka goya ni mu gangara tare? Matsa.”

Ta sauke bargon, ta ninke shi huɗu, ta shimfiɗa a kan dutsen, daidai yadda take ninke buhu in za ta goge daɓe. Ta durƙusa a kai.

“Shekara ashirin da bakwai gwiwoyin nan suna rarrafe a falon wasu,” ta ce. “Yau su yi mini nawa.”

Haka ta hau. Ta ja sarƙa, ta ɗaga gwiwa, Refilwe ta janyo bargon gaba, ta sake durƙusawa. Thuso na ƙasa ya tokare tafin ƙafarta da kafaɗarsa, ya daina barkwanci. Ni ina gefe riƙe da sandarta, ina kuka ina jin haushin kukan.

Da muka kai sama ta daɗe a zaune tana mai da numfashi. Iska na kaɗawa, ga tantinmu can ƙasa kamar an yar da tsumma. Ta miƙa hannu na ba ta sandar, ta tashi, ta ciro hoton. Ta matsa dama, ta matsa hagu, tana duba shi tana duba gabanta.

Refilwe ta ɗaga waya. “Nkgono, kakata ta kaina, juyo mana. Nan Madam ɗin ta tsaya. Juyo ki yi irin murmushinta.”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Puleng, zo.”

Na je. Ta ɗora babban yatsanta a kusurwar katakon, daidai inda fentin ya goge, wajen wani tsauni mai baƙi-baƙi da ya leƙo ta bayan kafaɗar maigidan. Sannan ta ɗaga yatsan ta nuna gabas. Ga tsaunin can, shi ne.

“Shekarar da suka kawo hoton nan, maigida ya nuna mini nan ya ce, Agnes, ƙauyenku yana bayan wannan, da mota ba nisa. Ke Puleng kina aji biyu lokacin. Thuso bai daɗe da yaye ba.” Ta goge gilashin da bakin zaninta. “Duk safiya in na zo goge ƙura, nan nake fara taɓawa in ce kun tashi lafiya. Ni ban taɓa kallon mutanen ba.”

Shekaru nawa ina ce mata ta sauke shi daga bango.

“Ashe ma kusa ne haka,” ta ce a hankali. “Kusa ne ƙwarai.”

Thuso ya juya baya yana gyaran hular da ba abin da ya same ta. Mme ta mayar da hoton cikin jaka ta ja zif. Ta kamo hannuna, ta kamo nasa, ta tsaya a tsakiyarmu, nauyinta duk a kanmu.

Refilwe ta ja baya tana neman yadda za ta haɗa mu da tsaunin. “Ku ɗan matsa hagu, Nkgono, bai fito ba.”

“Bar tsaunin,” in ji Mme. “Ɗauki mutanen. Ga su nan a hannuna.”