Daga Shisha Zuwa Alƙahira, Kallon Tseren Rukayya

Talata: Makka zuwa Alƙahira

Ƙarfe huɗu da rabi, kafin kiran asuba, muka bar gida a unguwar Shisha ta Makka, ni da mai ɗakina Hajiya Kulu. Autarmu Rukayya ce za ta yi tseren keke da matan ƙasashe a Alƙahira, kuma ba ta gayyace ni ba.

Tana da dalili. Shekara tara ke nan da na ɗauki kekenta na miƙa wa 'yan gwangwan. Na ce mata ko tsakanin Safa da Marwa maza ke sassarfa, mace tafiya take yi. Shekara talatin na yi ina tura tsofaffi a keken guragu a wurin, ina ganin na fi kowa sani. Daga nan ta koma Jidda wajen gwaggonta, tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Direban tasi Basakkwace ne. Da ya ji abin da zai kai mu, sai ya leƙo ni ta madubi.

"Baba, da furfurarka za ka kallon keke?"

"Bar shi," in ji Hajiya. "Shi ya hana, shi kuma ya riga ni shiga mota. Tambaye shi sassarfar nan wa ya fara ta, in ba Nana Hajara ba."

A shingen bincike na Shumaisi ba a tsayar da mu ba. Muka yi salla a bakin hanya, muka karya da burodin tamis da waken ful. Jirgi ya tashi daga Jidda ƙarfe goma, awa biyu da 'yan mintoci muka sauka. Masaukinmu hawa na huɗu ne, gwiwata ta gaya mini.

Laraba: filin tsere

Filin na katako ne, kamar ƙaton akushi, gefensa a tsaye kamar bango. Hagu suke zagayawa, irin na ɗawafi. Kekunan ba birki, ƙafa kuma a ɗaure take da feda, sai wani ya riƙe mutum kafin a tashi.

Ƙarfe uku da kwata aka kira Rukayya da wata doguwar Baturiya. Aka sake su. Maimakon gudu, sai na ga 'yata tana tafiyar hawainiya, tana waige. Can ta hau saman katakon ta tsaya cak. Gabana ya faɗi. Na ce ni ta hango, zuciyarta ta karye. Na miƙe zan fita kada in sake ɓata mata.

Hajiya ta damƙe rigata. "Zauna, Alhaji. Dabara ce. Kowacce so take ɗayar ta shiga gaba ta tare mata iska."

Baturiyar ta gaji ta wuce. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, Rukayya ta gangaro kamar shaho, ta sha gabanta da faɗin tafin hannu. Ban san lokacin da hulata ta faɗi ba. A karawa ta gaba aka fitar da ita, amma ni na riga na ƙoshi.

Da ta fito na ce, "Rukayya, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Halas, ya wuce, Baba. Gobe ƙarfe bakwai ina atisaye. Ka zo."

Alhamis: komawa

Na isa bakwai saura. Ta hau, ta ɗaure ƙafafunta, ta ce da mai horar da ita ya matsa.

"Riƙe sirdin, Baba. In ka saki, ƙasa zan sha."

Na riƙe da hannu biyu.

"To ai sai ka tura. Ko ka manta sana'arka?"

Na tura ta.

Mun iso Shisha ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya ara mini kwana har na ga wannan rana, na gode wa Hajiya Kulu da ta riƙe mini riga.